Hannun da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi a kan *Fiddle With*

A ajin yamma da nake koyar da Turanci akwai wani dattijo direba da ke zama a layin gaba. Tun shigowarsa har a tashi, makullin motarsa na hannunsa. Ya zura yatsa a zoben ya juya, ya damƙe, ya sake, ya mayar da shi ɗaya hannun. Ran da muka zo kan *fiddle with*, sai na ce, "Baba, ka ba ni izini in yi darasi da hannunka?" Ya duba hannun nasa, ya ga makulli na ta yawo a ciki bai ma sani ba, ya yi dariya ya ce, "Bismilla, Malam." Daga ranar ba wanda ya ƙara manta kalmar a ajin nan. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai suka fi yi mini a kanta, wasu a aji, wasu a waya da dare ana gobe jarrabawa.

Malam, mene ne ainihin ma'anar *fiddle with*?

Ita ce mutum ya riƙa taɓa wani ƙaramin abu da yatsunsa, yana juya shi, yana murza shi, yana buɗewa yana rufewa, alhali ba shi da wata bukata da abin. Biro ne, zobe ne, maɓallin riga ne, igiyar agogo, murfin gora, gefen mayafi. Hannu yana nan yana aiki, hankali kuwa ya yi wani wuri. In ka ɗauki biro ka yi rubutu, aiki ka yi. In ka gama rubutun kana sauraren mai jawabi, kana ta danna bayan biron ƙas, ƙas, ƙas, ba ka san kana yi ba sai da na kusa da kai ya harare ka, to wannan shi ne *fiddling with your pen*.

Abin da ke kawo shi yawanci fargaba ce, ko ƙosawa, ko zurfin tunani. Shi ya sa marubutan Turanci ke son kalmar. In ka karanta "She fiddled with her ring and said nothing," marubucin ya gaya maka hankalin matar ba a kwance yake ba, ba tare da ya furta hakan ba. Zoben ne ya yi magana a madadinta.

Da wace kalma za mu fassara ta a Hausa?

Ba kalma ɗaya ba ce, kuma ina roƙon kada a tilasta mata zama ɗaya. Amma hoton da take zanawa mun daɗe da saninsa. Saurayi ya je zance, ya yi tambayar da ta fi ƙarfin a amsa da baki, yarinya ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsun hannunta, ko tana murza gefen mayafinta. Yaro ya yi laifi an tsare shi da ido, ya tsaya yana tuƙa bakin rigarsa. Mai gida ya zauna a zaure ana masa lissafin bashi, yana ta jujjuya hularsa a kan gwiwa. Duk waɗannan Bature zai ce *fiddle with*.

Saboda haka fassarar da ta fi yawa ita ce "wasa da". Amma Hausa ta fi Turanci son bayyana irin motsin da hannun ke yi. Zobe ana murza shi, makulli ana kaɗa shi, waya ana latse-latsenta, takarda ana nannaɗe ta ana warwarewa, gemu ana shafa shi, hula ana jujjuya ta. Mai fassara nagari zai dubi abin da ke hannun mutumin, sannan ya zaɓi aikatau ɗin da ya dace da shi. In ka rasa, "taɓe-taɓe" na nan, ko da yake ita tana ɗauke da ɗan ƙamshin rashin ji, irin na yaron da aka kai gidan mutane ya ƙi barin kayan ɗaki su huta.

Na duba ƙamus na ga an ce *fiddle* abin kiɗa ne. Me ya haɗa kiɗa da wasa da biro?

Ƙamus ɗin bai yi ƙarya ba. *Fiddle* a matsayin suna shi ne abin kiɗa mai tsirkiya da ake gogawa da baka, wato ɗan'uwan gogenmu da kukuma. Tsohuwar kalma ce ƙwarai, tana cikin Turanci tun sama da shekara 1,000, kuma Jamusanci ma na da 'yar'uwarta. Har yau a Ailan da Sukotland da karkarar Amurka, makaɗan gargajiya *fiddle* suke kiran abin kiɗansu, yayin da masu kiɗan manyan ɗakunan taro ke kiran irin wannan abin *violin*.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai goge ya ga amsar tambayar nan da idonsa. Ka bar hannun da ke jan baka, ka dubi na hagu. Yatsun ba sa tsayawa, suna hawa suna sauka a kan tsirkiya, ƙananan motsi masu sauri, ɗaya na bin ɗaya. To, ka cire gogen daga hannun ka bar yatsun suna wannan rawar a kan biro ko maɓalli. Wajen ƙarni na 16 Turawa suka fara amfani da kalmar da wannan ma'ana, ta yatsun da ke ta motsi ba kiɗan da ke fita.

Yaya ake jera ta a jimla? Ina karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, yake zama?

Bayan *with*, kullum. "He fiddled with the key." In ka sa wakilin suna a madadin makullin, wurinsa bai canja ba: "He fiddled with it." Ba a raba *fiddle* da *with* a cusa karɓau a tsakiya. Ina nanata wannan ne don wasu aikatau masu rakiya irin wannan suna yarda a raba su. Ana cewa "Turn it off," ana cewa "Pick it up," sai ɗalibi ya ɗauka doka ɗaya ce, ya rubuta "fiddle it with". Kuskure ne.

Abin da zai iya shiga tsakani shi ne bayanau, kalmar da ke faɗin yadda aka yi aikin: "She fiddled nervously with her veil," wato tana ta murza mayafinta cikin fargaba. Sannan ka lura an fi jin kalmar da siffar ci gaba, don aikin maimaituwa ne: *was fiddling with*, *kept fiddling with*, *stop fiddling with*. Wannan ta ƙarshe ita ce ta iyaye da malamai. "Stop fiddling with your buttons" daidai take da "Kai, bar wasa da maɓallin nan ka saurare ni."

To in na yar da *with* ɗin fa? Ai 'yar ƙaramar kalma ce.

Nan ne nake so a tsaya a saurare ni da kyau, don duk cikin tambayoyin nan ba wadda ta kai ta hatsari.

Mu ma a Hausa mun san aikin ƙaramar kalma. "Ya tafi" daban, "ya tafi da shi" daban. "Suna yi" magana ce mara laifi, amma "suna yi da kai" ta zama gulma. Haka *with* take a nan, sai dai ita cire ta ne ke kawo fitina. A Turancin Ingila, in ka sa karɓau kai tsaye bayan *fiddle*, musamman in karɓau ɗin ya shafi kuɗi ko lissafi, ma'anar ta koma magudi da coge. "He fiddled the accounts" na nufin ya yi cuwa-cuwa a littafin kuɗi don ya ci. "She fiddled her expenses" na nufin ta ƙara kuɗin da ba ta kashe ba a takardar neman a biya ta. In aka ce mutum "is on the fiddle", to yana cikin wata harƙalla ta cin haram a wurin aiki.

A watan Mayu na 2009 jaridar Daily Telegraph ta fara tona yadda 'yan majalisar dokokin Birtaniya ke karɓar kuɗin jama'a da sunan alawus na gida da hidima, har da wanda ya nemi a biya shi kuɗin ɗakin agwagwa da ya sa a tafkin gidansa. Shugaban majalisar, Michael Martin, ya sauka daga kujerarsa, wasu 'yan majalisa kuma suka ƙare a gidan yari. Duk wanda ke karanta jaridun Ingila a lokacin ya ga kalmar *fiddle* har ya gaji, kuma ba wasa da biro ake nufi ba.

Wata ɗalibata da ke aiki a ofishin kuɗi na wata ƙungiya ta taɓa kawo mini wasiƙar da za ta tura wa shugabanta Bature. So take ta ce abokin aikinta ya ɗan daidaita jerin alƙaluma a kwamfuta don su shiga shafi ɗaya. Abin da ta rubuta shi ne "He fiddled the figures." Na ce, "Hajiya, kin san kin kira mutumin nan ɓarawo?" Ta dafe ƙirji ta yi salati. Da wasiƙar ta tafi haka, da bawan Allah ya kwana ana bincikensa a kan laifin da bai ji ba bai gani ba. Ko da ta sa *with* ma, ban so ta yi amfani da kalmar kusa da alƙaluman kuɗi ba, don kunnen Bature zai ji ƙamshin zargi. Muka canja ta zuwa *rearranged*, wato ya sake jera su. A harkar kuɗi, ƙuri'a, ko sakamakon jarrabawa, ka nisanci *fiddle* sai in da gaske tuhuma kake yi.

Mene ne bambancinta da *fidget*?

*Fidget* na jiki ne duka, mutsu-mutsu ke nan. Mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ya gyara zama, ya kaɗa ƙafa, ya sosa ƙeya, ya leƙa taga. Ba ta bukatar karɓau, aikatau ƙi-karɓau ce: "The children were fidgeting." *Fiddle* kuwa ta yatsu ce, kuma tana neman abin da za ta kama.

Inda suke haɗuwa shi ne *fidget with*. "He fidgeted with his cap" da "He fiddled with his cap" kusan abu ɗaya suke faɗi. In akwai bambanci, to *fidget with* ta fi jingina ga rashin natsuwa, *fiddle with* kuma tana iya zama ta wanda hankalinsa kwance yake, tunani ne kawai ya ɗauke shi. Sannan *fidget* tana zama sunan mutum: "He is a fidget," wato uban mutsu-mutsu ne. Daga nan aka samo sunan ɗan abin wasan nan mai fukafukai uku da ake juyawa tsakanin yatsu, *fidget spinner*, wanda ya cika duniya a 2017.

Wani abu da ke burge ni: a 1885 masanin Ingila Francis Galton ya buga ɗan rubutu a mujallar Nature a kan auna mutsu-mutsu. Ya zauna a taron da ake karanta doguwar maƙala, ya riƙa ƙirga sau nawa masu sauraro ke motsi, ya lura cewa in jawabi ya kama hankalinsu sai jikinsu ya lafa, in ya gundure su sai motsi ya ƙaru. Kowane malamin aji da kowane mai wa'azi ya san haka, ko bai ƙirga ba.

Na ji an ce "He was fiddling with the radio." Shi ma fargaba ce?

A'a, wannan ma'ana ta biyu ce, kuma ana yawan amfani da ita. Ita ce mutum ya riƙa taɓa nan ya murɗa can a jikin na'ura, yana neman ta yi daidai, ba tare da ya san takamaiman inda matsalar take ba. Ka tuna dattijo da rediyonsa da asuba, yana murɗa maɓallin tasha a hankali, ya ja eriya, ya juya akwatin gabas ya juya yamma, don muryar mai labarai ta fita daga cikin shuuu. Ko matashi da ya durƙusa gaban janareta yana ja yana sakewa, yana taɓa wannan waya yana hura wancan bututu. Ko ɗan da aka ba wa wayar uwarsa ya gyara mata ƙara, ya shiga latse-latse cikin saiti.

A nan hannun na da manufa, amma ƙwarewa ce babu tabbas. Saboda haka kada ka gaya wa bakanike ko mai gyaran waya "Thank you for fiddling with it." Ka rage masa daraja, kamar ka ce lalube ya yi Allah ya taimake shi. In kai ne mai magana a kan kanka, ba laifi, tawali'u ne ma: "I fiddled with it and it started working," wato na ɗan tattaɓa shi sai ga shi ya tashi.

Tana kuma zuwa da ma'anar taɓa abin da ba naka ba. "Who has been fiddling with my phone?" ita ce "Wa ya yi mini karambani a waya?"

Ashe ke nan ɗaya suke da *tamper with*?

Ba ɗaya ba ne. *Tamper with* ta fi nauyi nesa. Ita ce taɓa abu da gangan ba da izini ba, don a ɓata shi ko a canja shi a ɓoye, kamar mitar wuta, hatimin magani, ko shaidar da za a kai kotu. Kalmar 'yan sanda da lauyoyi ce. *Tinker with* kuwa ta mai son kwance-kwance ce, wanda zai kwance tsohon babur ranar hutu don jin daɗi, yana gyarawa kaɗan-kaɗan. Yaro mai taɓe-taɓe *fiddle* yake yi, mai sha'awar inji *tinker*, mai mugun nufi *tamper*.

Mene ne *fiddle about* da *fiddle around*?

Shiririta. Mutum yana ta ƙananan abubuwa marasa amfani, aikin da ke gabansa na jiransa. "Stop fiddling about, the bus is leaving" na nufin bar shiriritar nan, mota za ta tashi. *About* ta fi yawa a bakin mutanen Ingila, *around* ana jin ta ko'ina, har Amurka. Kana iya ƙara musu *with* in akwai abin da ake shiriritar da shi: "He spent the morning fiddling around with his laptop," wato ya kashe safiya guda yana jagwalgwala kwamfutarsa ba abin da ya ƙulla.

Akwai wasu kalmomin da ke kusa da ita da ya kamata in sani?

Akwai. *Toy with* tana aiki a kan abu, musamman abinci, kamar mara lafiyar da ke juya cokali a kwano ba ya ci, amma an fi saninta a kan tunani. "I am toying with the idea of moving to Kaduna" na nufin tunanin komawa Kaduna na ɗan zo mini, ban yanke ba. *Fumble with* ta hannun da ke son yin aiki ne ya kasa, saboda duhu ko sanyi ko rawar jiki, kamar mai neman zura makulli a kwaɗo an ɗauke wuta. *Twiddle* juya abu ne tsakanin yatsu, kuma "twiddling my thumbs" na nufin zaman jiran gawon shanu, ba aikin fari ba na baƙi. Sai sifar *fiddly*, wadda ake ba aikin da ke da ƙananan sassa masu wahalar kamawa, irin zura zare a allura ko sa ɗan ƙaramin kati a waya.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Kada karɓau na *fiddle with* ya zama mutum, balle yaro. A Turancin Ingila hakan na iya nufin taɓawar banza irin ta cin zarafi. In kana so ka ce wani yana wasa da yara, *playing with the children* ita ce maganar.

In mutum yana jan carbi, za a ce yana *fiddling with* shi?

Na ji daɗin wannan tambaya ran da wani ɗalibi ya yi ta, don ta nuna ya kama bakin zaren. In mutum yana tasbihi, hannunsa da harshensa da zuciyarsa wuri ɗaya suke, saboda haka kalmar ba ta dace da shi ba. Ka ce "He was counting his prayer beads," ko "He was praying with his beads." Akwai ma tsohuwar magana a Turanci, *telling his beads*, daga lokacin da *tell* ke nufin ƙirgawa. In ka rubuta cewa liman "was fiddling with his beads", ka ce ke nan wasa yake da carbin, hankalinsa ba ya kan zikiri.

Amma mu faɗi gaskiya, akwai lokacin da kalmar ke dacewa. Mutum yana tsakiyar ciniki a kasuwa, bakinsa na kan farashi, carbi na lilo a yatsansa yana naɗe shi yana warwarewa. Wannan *fiddling* ne. Girkawa har suna da wani carbi da suke kira kombolai, wanda ba na ibada ba ne sam, an yi shi ne don hannu ya sami abin yi. Malamanmu na fiƙihu kuma sun daɗe da sanin halin, shi ya sa suka lissafa wasa da gemu ko zobe cikin abubuwan da aka karhanta a salla. In za ka bayyana wa mai jin Turanci wannan hukunci, *fiddling with your beard or ring* ita ce fassarar da ta zauna daram.

Yaya ake furta ta? Ina jin kamar ba na faɗinta daidai.

Matsalar tana harafin farko. Mu Hausawa da leɓɓa biyu muke yin "f" ɗinmu, shi ya sa take fita wani lokaci kamar "p", a Sakkwato da Nijar kuma ta koma "h" ko "hw". Ta Turanci kuwa sai ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka hura iska. Ka gwada a gaban madubi. In ba ka ga haƙoranka sun taɓa leɓe ba, ba ka yi ta ba tukuna. Dalilin da ya sa na damu shi ne akwai kalmar *piddle*, wadda a maganar gida ta Ingila ke nufin yin fitsari. Ba ka so ka faɗe ta a taro.

Ƙarshen kalmar kuma gajere ne. Gaɓa biyu ce kawai, nauyi a ta farko, kamar "fidl", harshe ya tashi daga "d" ya faɗa "l" ba tare da ka buɗe baki ba. *Fidget* kuwa "fijit" ce.

Rubutun fa?

*Fiddle, fiddled, fiddling*: "d" biyu, kuma "e" na faɗuwa kafin *ing*. *Fidget, fidgeted, fidgeting*: "t" ɗaya tak. Ɗalibai da yawa na ninka ta.

Mene ne labarin "fiddling while Rome burns" da 'yan jarida ke yawan kawowa?

Karin magana ne da ake jifan shugaba da shi in ya shagala da abin banza alhali ƙasa na cikin masifa. Asalinsa gobarar birnin Rum ce ta watan Yuli, shekara ta 64 Miladiyya, zamanin Sarki Nero. Wutar ta yi kwanaki tana ci, kuma cikin unguwanni 14 na birnin 4 ne kawai suka tsira ba ta taɓa su ba. Jita-jita ta bazu cewa sarkin ya tsaya yana waƙar rushewar birnin Taroy yayin da nasa birnin ke ƙonewa. Masanin tarihin Rumawa Tacitus ya kawo maganar a matsayin jita-jita, ya kuma ce Nero yana garin Antiyum lokacin da wutar ta tashi, sannan ya dawo ya buɗe wa waɗanda suka rasa gidaje wuraren fakewa.

Ko ma ya yi waƙar, ba da goge ya yi ta ba. Abin kiɗan Nero kaɗa tsirkiyarsa ake yi da hannu, ya fi kama da molo ko gurmi, irin gogen Turawa na yau kuwa sai a ƙarni na 16 ya bayyana a arewacin Italiya. Karin maganar ya yi ƙarko ne don kunnen Bature na jin ma'ana biyu a lokaci guda, kiɗa da shiririta. Akwai wasu biyu daga gogen da za ka ci karo da su: *play second fiddle*, wato zama ɗan amshin shata a bayan wani, da *fit as a fiddle*, wato lafiya garau.

Zan iya amfani da ita a jarrabawa ko wasiƙar ofis?

A insha'in labari na WAEC ko NECO, ƙwarai kuwa, tana ƙawata rubutu. Maimakon ka ce yaron ya ji tsoro, ka nuna shi tsaye a ofishin shugaban makaranta "fiddling with the hem of his shirt", mai duba takarda zai ga tsoron da kansa. A hirar baki ta jarrabawar Turanci ta IELTS ma ta dace, don kalmar yau da kullum ce. A wasiƙar neman aiki ko rahoton ofis kuwa ka bar ta. Can *adjust* ko *alter* ake so.

Muna zaune a Ingila, malamar ɗana ta rubuto cewa "he fidgets and fiddles with things in class". In damu?

Yaya, kada ki tayar da hankalinki a kan jimla ɗaya. Abin da ta ce shi ne yaron na mutsu-mutsu yana taɓe-taɓen kaya a aji, kuma yara da yawa haka suke, musamman ƙanana da aka ce su zauna tsawon lokaci. Ba zagi ba ne, ba kuma ta ce ba shi da tarbiyya ba. Ki je ki same ta ki yi tambayoyi: a wane darasi yake yi, yana gama aikinsa, yana hana wasu karatu? Gaskiya ne likitoci na lissafa yawan mutsu-mutsu cikin alamomin larurar ƙarancin natsuwa da ake kira ADHD, amma alama ɗaya ce cikin da yawa, kuma ƙwararre ne ke tantancewa bayan ya duba halin yaro a gida da makaranta na tsawon watanni. Abin da nake roƙo shi ne kada a sa masa bulala a kan wannan. Wasu yaran sai hannunsu na motsi suke iya saurare, kuma akwai malaman da kan ba irin waɗannan yara ɗan abin matsawa su riƙe a ƙarƙashin tebur.

An ce mini in daina *fiddling* a ganawar neman aiki. Amma ni kunya ce ke sa ni, ba raini ba.

Na yarda da ke, ƙanwata, don na san gidan da kika fito. An koya mana cewa in babba na magana a sunkuyar da kai, kuma hannun da ya rasa abin yi sai ya kama gefen hijabi. A zauren mahaifinki wannan ladabi ne. Amma wanda ya tashi a wata al'ada, ko ya yi horon ɗaukar ma'aikata irin na Turawa, in ya ga kai a ƙasa da yatsu na murza zobe, abin da zai karanta shi ne ba ki da tabbacin abin da kike faɗa. Ba adalci ba ne a auna ki da mudun da ba naki ba, sai dai shi ne a kan kujerar ranar.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi kafin ganawa shi ne su rage wa hannu abin kamawa. Waya ta shiga jaka, jaka ta sauka ƙasa kusa da ƙafa. Biro mai dannawa a bar shi a gida. In zoben na juyawa a yatsa, a cire shi ranar. Ki ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya bisa cinya ko bakin tebur, in za ki yi bayani ki bar su su taya ki magana, in kin gama su koma mazauninsu. Ki sa wata ƙawarki ta zauna gabanki ta yi miki tambayoyi na minti 10 tana ɗaukar ki a waya, sannan ku kalla tare ku ga abin da hannun ke kai wa in tambaya ta yi zafi.